Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ranar da na fara ganin tankin, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Kai kuwa yaushe rabonka da canja wa kifayen nan ruwa?" Ruwan ja-ja ne, baƙi-baƙi, kamar shayin da ya kwana a buta. Busassun ganye sun kwanta a ƙasa bisa farin yashi, ga wani murɗaɗɗen itace ya tokare daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗan ƙanwata bai yi mini gardama ba. Ya saki labulen taga, ya kunna wata 'yar fitila da ke saman tankin, ya ce, "Kawu, zauna tukuna." Na zauna. Jim kaɗan sai ga su sun fito daga ƙarƙashin itacen, su ashirin, kowanne bai wuce gaɓa biyu ta yatsa ba. Cikinsu jawur kamar garwashi, ga wani shuɗin zare mai walƙiya ya taso daga ido har kusa da wutsiya. Tare suke tafiya, tare suke juyawa, kuma a cikin wannan duhun ruwan sai ka ce wuta aka kunna musu a jiki. Na yi kusan rabin awa ban ce uffan ba.

Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na sha ganin kifin ado a falon mutane a nan Kano: ruwa garau, furannin roba, duwatsu masu launi iri-iri, kifi na ta kai-komo babu wurin fakewa. Bayan wata ɗaya ya mutu, a sayo wani. Yaron nan ya bi wata hanya daban. Kafin ya sayi ko kifi ɗaya sai da ya tambayi kansa, shin a wane irin ruwa Allah ya halicci wannan kifin? Amsar tambayar ce ta ɗauke shi wata da watanni yana karatu, ta kai shi har Kudancin Amurka ba tare da ya bar ɗakinsa ba.

Kifin sunansa kadinal, mahaifarsa kuwa Rio Negro, wato Baƙin Kogi, a arewacin Birazil, da kuma sassan kogin Orinoco. Tun a 1542 ɗan Sifaniya Francisco de Orellana ya raɗa wa kogin wannan suna saboda launinsa. A kusa da birnin Manaus yake haɗuwa da kogin Solimões mai ruwan laka, kuma su biyun sukan yi tafiyar kusan kilomita 6 kafaɗa da kafaɗa, baƙi a gefe, ja a gefe, kafin su gauraya. Baƙin ba na datti ba ne. Ƙasar yankin farin rairayi ce wadda ruwan sama ya wanke tas tun zamanin da, babu laka, babu gishiri. Duk shekara kogin yakan cika ya malale cikin kurmi, a Manaus tashinsa yakan kai kusan mita 10, itatuwa su yi watanni tsamo-tsamo a ruwa, ganye ya zuba ya jiƙa ya saki rininsa. Wanda ya taɓa leƙa majema ya ga yadda bagaruwa ke rina ruwan jima ya san irin sinadarin nan, domin dangi ɗaya ne. Shi ne yake ba ruwan launi, shi ne kuma yake ba shi tsami. A ma'aunin da ake kira pH, inda 7 ke tsakiya, ruwan Rio Negro yakan tsaya tsakanin 4 da 5, kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Tsamin ya kai har sauro ba ya samun sukunin hayayyafa sosai a bakin kogin. A irin wannan ruwa kadinal ya rayu tun fil azal, kafin masana su ba shi suna a littattafansu a 1956.

To, ka ga aikin da ke gaban mai son ya kawo wannan kogi cikin gilashi mai cin lita 120 a tsakiyar birnin Dabo. Matsalarsa ta farko ruwan gidansu ne. Ruwan burtsatse suke sha, irin wanda yake barin farin dabbare a gindin buta, sabulu kuma ya yi ta jan ƙafa kafin ya yi kumfa. Ya zuba ganye a cikinsa, launi ya fito, amma ma'auni bai motsa ba. Shi da kansa ya ba ni misalin da ya sa na gane nan take. "Kawu, ai kamar miyar yakuwa ce. In aka jefa kanwa, tsamin ya mutu. Ruwanmu da kanwarsa yake fitowa daga ƙasa, ko ganye nawa na zuba sai ta cinye tsamin." Don haka dole ya nemi ruwan da babu komai a cikinsa. Da damina yakan tari ruwan sama a durom mai murfi, amma sai an yi ruwa uku ko huɗu rufin ɗaki ya wanku daga ƙurar rani. Da rani kuwa yakan sayo daga wani mai haɗa ruwan leda da ke da injin tace ruwa mai raba shi da gishirinsa, ya ɗan surka da na burtsatse kaɗan don kada ya zama babu komai ƙwarai, saboda ruwan da ba shi da ko ɗigon kanwa tsaminsa yakan faɗi warwas dare ɗaya. Ko yashi da duwatsu bai zuba da ka ba. Kowane dutse sai ya ɗiga masa ruwan khal, in ya yi kumfa ya ajiye shi gefe, don alama ce yana da farar ƙasa a jikinsa. Kwanson kaguwa da wuri da ake sayarwa don ado duk bai bari sun kusanci tankin ba.

Ganyen kuwa bai aika ƙasar waje ba. Bishiyar nan ce mai faffaɗan ganye da rassa hawa-hawa kamar laima, wadda ake dasawa don inuwa a harabar makarantu da ofisoshi, yara na fasa ƙwallonta su ci gyaɗar ciki. Asalinta daga gaɓar tekun Asiya ne, 'yar uwar baushenmu ce, kuma masu kiwon kifin faɗa a Tailan sun daɗe suna jefa ganyenta a ruwan kifayensu. Na raka shi tsinta wata rana da hantsi. Ba ya tsinko ɗanye daga reshe, sai wanda ya nuna ya yi ja ya faɗo da kansa. Ba ya ɗaukar na bakin titi saboda hayaƙin mota, ba ya ɗaukar na inda aka yi feshin magani. In ya kawo gida ya wanke, ya shanya a inuwa, ranar amfani ya zuba masa tafasasshen ruwa ya bar shi ya huce. Kuma ganye biyu ko uku yake sawa a lokaci guda, domin ganye in yana ruɓewa iskar da kifi ke shaƙa yake ci, wanda ya cika tanki da shi rana ɗaya zai wayi gari kifayensa na haki a saman ruwa. A cikin matatar ruwan ya cire gawayin da ake haɗo ta da shi daga kanti, don gawayi tsotse launin yake yi. Haske kuwa kaɗan ne, ya kuma yi wa saman ruwan rumfa da kainuwa da ya ɗebo ya wanke sosai ya killace ta mako biyu a bokiti. Saiwoyinta sun zubo kamar gemu, kifayen na wasa a tsakaninsu. A jikin itacen ya ɗaure wani tsiro mai kaurin ganye wanda ba ya buƙatar rana, Anubias barteri, wanda ashe ɗan kurmin kudancin Najeriya da Kamaru ne, an ma sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai a ayarin Baikie da ya bi kogin Neja.

Amma abin da ya fi burge ni duka shi ne jiran da ya yi. Bayan ya gama haɗa komai, tankin ya yi mako shida babu kifi. Mahaifiyarsa takan leƙo ta ce, "Wai ruwa kake kiwo?" Shi kuwa ya san abin da yake jira. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a soson matata, su ke juya amoniya zuwa wani sinadari, wasu kuma su juya wannan zuwa na uku mai sauƙin illa. Ba sa taruwa rana ɗaya, kuma a ruwa mai tsami sun fi nawar yaɗuwa. Kullum sai ya jefa ɗan ƙwayar abinci a tankin da babu mai ci, ya auna, ya jira. Farin gansakuka ya fito wa itacen kamar auduga, bai firgita ba, ya bar shi ya ɓace da kansa. Sai da awo ya nuna amoniya ta ƙare sannan ya aika Legas aka kawo kifi, su ma bai juye su kai tsaye ba, ya yi fiye da awa ɗaya yana ɗiga musu ruwan tankin cikin ledar da suka zo a ciki. Matashin da ke zaune a zamanin da kowa ke son a yi yanzu a gani yanzu, ya iya zura wa ruwa ido kwana arba'in da biyu saboda ran wata halitta da ba ta kai yatsa ba, wallahi ya cancanci jinjina, kuma ina yi masa ita da zuciya ɗaya.

Sai dai, ɗana, da sauran rina a kaba, kuma kai ma ka sani.

Ka tuna watan Afrilun da ya wuce. Zafi ya haura 40 a waje, aka ɗauke wuta kwana biyu, matata ta tsaya cak. Kifin nan tsakanin 24 da 28 yake jin daɗi, kuma ruwa in ya ɗau zafi iskar cikinsa raguwa take yi. Ka dawo daga aiki ka tarar da su sun taru a sama suna buɗe baki. Durom ɗin ruwan sama ya ƙare tun Fabrairu, na mai ruwan leda kuma ba ka sayo ba a makon. Tausayi ya kama ka, ka kwashe rabin tankin ka cika da ruwan burtsatse. Da asuba ka tsamo bakwai. Na zo na same ka zaune a gaban tankin, ka jera su a kan takarda, jan cikinsu ya koɗe ya koma fari-fari, ka kasa ko karyawa. Daga baya kai ne ka yi mini bayanin abin da ya faru: a ruwa mai tsami amoniya takan kwanta cikin wata siffa mai sauƙin cutarwa, to da ka zuba ruwa mai kanwa ma'auni ya yi tsalle daga ƙasa da 6 zuwa sama da 7, sai gubar da ta taru a kwana biyun nan ta farka gaba ɗaya, ga kuma jikin kifin da bai saba da canji na farat ɗaya ba. Ilimin kana da shi tun kafin ranar. Tanadi ne ba ka yi ba.

Ban kawo wannan don in fama maka ciwo ba. Na kawo ne domin baƙin ruwa ya fi kowane irin tanki rashin yafiya ga mai sakaci, kuma kyan da ya yi a watan farko yakan yaudari mai shi ya ɗauka an gama. Abin da yake so kaɗan-kaɗan ne amma babu fashi: kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ruwan duk mako, da ruwan da aka riga aka jiƙa wa ganye aka bar shi ya kwana, zafinsa da tsaminsa daidai da na ciki. Kada ka bi lamba kana kora, yau ka ƙara tsami gobe ka rage. Kifin zai zauna lafiya a 6.5 da ba ta motsi fiye da 5 mai hawa da sauka. Ruwan da zafi ya ƙafar, tururi ne kawai ya tashi ya bar gishirinsa a ciki, don haka da tataccen ruwa za ka cike gurbin. Jarka biyu na shiryayyen ruwa su zama kullum suna nan a bayan ƙofa, kamar yadda uwar gida ba ta bari buhun hatsi ya kai ƙasa. Ɗan famfon iska mai batir bai kai kuɗin kifi bakwai ba. Fanka ƙarama da ke hura saman ruwa takan sauke zafi da bazara, hita kuma ta riƙe shi da hunturu lokacin da dare ke sauka ƙasa da 15. Sannan ka rage hannu wajen abinci, abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa. Malamanmu sun sha ja mana kunne da labarin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Kifin da ke cikin gilashi ya fi kyanwar nan rashin mafita, ko kuka ba ya iya yi a ji.

Akwai kuma wani haƙƙi da ya wuce bangon ɗakinka. Na tambaye ka daga ina kifayen suka taso kafin Legas, ka ce ba ka tambaya ba. Ya kamata ka tambaya. A gaɓar Rio Negro, kusan kilomita 400 sama da Manaus, akwai wani gari Barcelos, wanda shekaru da dama cinsa da shansa na jingine da wannan ɗan kifi. Masuntan wurin, da ake kira piabeiros, sukan shiga ƙoramu cikin ƙananan kwale-kwale da komar hannu, su kamo su da rai, a biya su bisa kowane dubu, kuɗin da bai taka kara ya karya ba in aka gwada da farashin kanti a Turai. A shekarun da kasuwar ke ci, miliyoyi ake fitarwa duk shekara. Tun 1994 garin ke yin bikin kifin ado a watan Janairu, inda ƙungiya biyu ke gasar rawa da ado, ɗaya da sunan kadinal, ɗaya da sunan wani faffaɗan kifi mai kama da faifai. Mai karatu zai iya zaton kamo kifi daga daji ɓarna ce tsantsa, amma a nan lamarin ya sha bamban. Kadinal a kogi da wuya ya wuce shekara ɗaya, da yawa suna mutuwa a kududdufai in ruwa ya janye, alhali a tanki mai kyau yakan yi shekaru. Kuma masuncin da ke ci daga ƙorama shi ne zai hana a sare kurmin da ke kanta, don ya san in babu ganye babu kifi. A kan wannan fahimta ne masanin kifi Ning Labbish Chao na jami'ar Amazonas da abokan aikinsa suka kafa shirin Project Piaba a farkon shekarun 1990, suna kira ga masu saye cewa sayen kifin Barcelos taimakon bishiyar Barcelos ne. Yanzu da gonakin kifi a Asiya da Turai suka iya hayayyafa shi, kasuwar masuntan ta ja baya, wasu sun koma wasu sana'o'in da ba su da tausayin daji. Ga kuma fari: a Oktoban 2023 kogin ya sauka zuwa mita 12.70 a Manaus, mafi ƙanƙanta tun da aka fara awo a 1902, a 2024 ya ƙara sauka ƙasa da haka.

Ban ce kowane kifin daji halal ne a saya ido rufe ba. A Borneo da Sumatra da Malesiya akwai wasu dazuzzukan fadama masu baƙin ruwa, wasu ma sun fi Rio Negro tsami, inda ake yashe ruwan ana dasa kwakwar manja, gobara kuma ta ci su a 1997 da 2015. Akwai ƙananan kifaye a can da duk duniya ba su da gida sai ƙorama ɗaya ko biyu. Irin waɗannan, wanda ya same su nauyin hayayyafa su ne ya hau kansa, ba na ado ba. Don haka nake so bakinka ya saba da tambayar mai kanti: wannan na gona ne ko na kogi, kuma wane kogi? Ko bai sani ba yau, in masu tambaya suka yi yawa zai nemo.

Sannan ka waiwayo gida. Kurmin Neja Delta na da nasa baƙaƙen ƙoramu, kuma daga Legas ake fitar da kifayenmu zuwa Jamus da Amurka da Japan: mai fukafukai kamar malam-buɗe-littafi da ke shawagi a saman ruwa, mai dogon haɓa kamar hannun giwa, da ɗan ƙaramin nan mai jan ciki da ke renon 'ya'yansa a kogo. Baƙi sun san sunayensu da ruwan da suke so, mu da muke ƙasa ɗaya da su ba mu sani ba. Wanda ya iya gina Rio Negro a Kano ba zai kasa gina ƙoramar Delta ba. Kuma duk ranar da ka gaji da wani kifi ko tsiro, ka ba wani mai kiwo, kada ka kusanci kududdufi ko dam da shi. Furen ruwan nan mai shuɗi da ya toshe hanyoyin jiragen ruwa a Legas tun 1984, ɗan Amazon ne, kuma sha'awar kyansa ce ta fito da shi duniya.

Abu na ƙarshe da nake bin ka bashi shi ne rubutu. Duk abin da ka sani da Turanci ka karanto shi, daga mutanen da matsalarsu sanyi ce, ba su san bazara ba, ba su san a ɗauke wuta kwana biyu ba, ba su san ruwan burtsatse ba. Misalin kanwa da yakuwa ba a littafinsu ka samo shi ba, naka ne. Ka rubuta shi da Hausa, har da labarin bakwai ɗin nan, don yaron da zai fara gobe a Gusau ko Maraɗi kada ya biya kuɗin da ka biya.

Makon jiya na sake komawa. Jarka biyu na bayan ƙofa, an rubuta kwanan wata a jikin kowace. A kan tebur ga littafi mai layi-layi: rana, zafi, tsami, ganye nawa aka sa. Zai yi tafiyar kwana goma zuwa Abuja, don haka na tarar ya zaunar da ƙanwarsa 'yar aji biyar a gaban tankin, ta ɗebi ruwa a 'yar kwalbar awo, tana ɗiga magani tana ƙirgawa a bayyane. Ruwan kwalbar ya juya ruwan ɗorawa. Ta ɗaga shi saitin taga, ta gwada da katin launi, ta ce, "Yaya, shida ne." Ya karɓa ya duba, ya miƙa mata biro.